Laoban ba ya barci

Daren jiya bayan isha'i, wajen ƙarfe takwas da rabi, na tura wa matar da nake sarin kuloli da filas a wurinta a garin Yiwu na ƙasar Chana saƙo ta manhajar WeChat, ba ma wani abin gaggawa ba ne, kalar murfin wani samfur nake so a canza mun, na tura ne da niyyar in ta tashi da safe ta gani. Wallahi ko ajiye wayar ban yi ba sai ga amsa, har da hotuna kala uku wai in zaɓa. Tsakaninmu da Chana awa 7 ne, kenan ƙarfe uku da rabi na dare a wurinsu. Na ce madam ke ba kya barci ne? sai ta turo ɗan hoton nan mai dariya da hawaye ta ce laoban ba ya barci. Laoban a yarensu shi ne mai gida, mai shago, oga dai.

Mu a kasuwa in ana hira, daga Kwari har Sabon Gari har Wambai, kallon da muke wa ɗan Chana kallon inji ne. Ba ya gajiya, ba ya ciwo, ba shi da biki ba shi da suna, kuɗi kawai yake tarawa. Ni ma da haka na ɗauka, sai da na kwashe shekaru ina zuwa, na zauna a shagunansu na sha shayin nan nasu mara suga da ake zubawa a 'yan kofuna kaman murfin kwalba, sannan na gane mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuɗin akwai, ba a musu. Amma kwanciyar hankali wani abu ne daban, kuma abin da na lura shi ne ba girman shago ko yawan kwantenar da mutum yake fitarwa ne ke kawo ta ba. A ganina abu biyu ne suka fi cin ran ɗan kasuwar Chana: ba shi da damar karyewa, sannan bai san da wace ƙafa gobe za ta tashi ba.

Bari in fara da bashi tunda shi ne uwa uba. Mu mukan ce bashi hanji ne yana cikin kowa, to na ɗan Chana hanjin ya nannaɗe masa har wuya. Manyan bankunansu na gwamnati ne, kuma tun fil azal sun fi sakin kuɗi ga kamfanonin gwamnati, shi ƙaramin mai faktori in ya je sai an ce ya kawo jingina, jinginar kuma gidansa ne, ko ya sa hannu cewa shi da kansa ya tsaya wa kamfanin, wani lokacin har matarsa sai ta sa hannu. In banki ya ƙi sai a koma wurin dangi da abokai da masu ba da kuɗi da ruwa a bayan fage, ruwan kuma ba na wasa ba. Akwai kuma wata al'ada ta tsaya mun in tsaya maka, wane ya tsaya wa wane a banki, shi ma wancan ya tsaya wa wani, sarƙa guda, ranar da ɗaya ya faɗi sai ya ja sauran gaba ɗaya rijiya. Abin da ya faru kenan a Wenzhou a 2011, garin da ake ji da shi a duk Chana wajen iya kasuwanci, nan jihar Zhejiang ɗaya da Yiwu. Masu faktori da dama suka wayi gari suka tsere suka bar ma'aikata ba albashi, wasu suka kashe kansu, abin ya kai sai da firaministan lokacin Wen Jiabao ya je garin da kansa.

To in ka karye kuma fa? Nan ne abin ya ba ni tsoro. Tun 2013 kotun ƙolinsu take da wani kundi na mutanen da kotu ta ce su biya bashi ba su biya ba, laolai suke ce musu. In sunanka ya shiga ba za ka sayi tikitin jirgin sama ba, ba za ka hau jirgin ƙasan nan mai gudu ba, ba otal mai tsada, ɗanka ba zai shiga makarantar kuɗi mai tsada ba, kuma kowa zai iya buɗe intanet ya ga sunanka. A ƙasar da in kana son zuwa ganin kwastoma ko mai kaya jirgin ƙasa ne ƙafarka, ka ga an ɗaure ka kenan kuma an ce ka yi gudu. Sannan shekara da shekaru ba su da dokar da za ta ba mutum ɗaya damar ya ce na karye a yi lissafi a raba abin da ya rage a sallame ni, kamfani yana da ita amma mutum babu, sai a Maris 2021 birnin Shenzhen ya fara gwada irinta. Akwai wani sananne a can, Luo Yonghao, mai kamfanin waya Smartisan, da kamfanin ya durƙushe bashin yuwan, kuɗin Chana kenan, miliyan 600 ya hau kansa, kotu ta taƙaita masa irin abin da zai kashe, mutumin da yake cika zaure da jama'a in zai fito da sabuwar waya sai ga shi a Afrilun 2020 ya koma tallan kaya kai tsaye ta bidiyo a Douyin, TikTok ɗinsu na Chana, don ya biya. Mutane sun yaba masa sosai, amma shi yana da suna, miliyoyi suna kallonsa. Mai faktorin cokali da ba wanda ya san shi fa?

Na kwatanta da namu. Ba wai karayar arziki a Kano daɗi gare ta ba, Allah ya tsare mu, mun ga waɗanda suka bar gari saboda kunya, mun ga wanda hawan jini ya kwantar. Amma dai akwai dattawan kasuwa da za a zauna gabansu, wani ya yafe rabi, wani ya ɗaga ƙafa, ubangida ya ce zo ka riƙe mun wannan shagon kafin Allah ya sake buɗa maka, kuma a ƙarshe akwai kalmar nan ƙaddara da mutum zai jingina da ita ya samu barci. Su abin da suke da shi mianzi ne, a zahiri fuska kenan, mutunci dai a idon jama'a, kuma faɗuwa a wurinsu ba ƙaddara ba ce, gazawarka ce, ka zubar da fuskar gidanku. Shi ya sa za ka ga mutum cikinsa na ƙuna amma motar da ke ƙofar faktori sabuwa ce fil, don ranar da masu kawo masa ƙarfe suka ga ya sauka daga babbar mota zuwa ƙarama ranar za su daina ba shi kaya bashi.

Lokacin da abin ya fi tsanani shi ne gab da sabuwar shekararsu, wadda take faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Al'adarsu ba a tsallaka shekara da bashi. Ma'aikata duk 'yan ci-rani ne daga ƙauyuka masu nisa, sai an biya kowa cas har da ɗan jan ambulan nan na goron salla da suke kira hongbao kafin ya hau jirgi ya tafi gida, masu kayan aiki suna ƙofa, mai hayar sito yana ƙofa, faktori kuma za a rufe shi sati biyu uku har wata ba abin da ke shigowa, kuma ba ka da tabbas ma'aikatan za su dawo maka bayan hutu. In ka ga mai kayanka ya dame ka da saƙo a watan Disamba, aboki ciko, aboki ciko, ba rashin kara ba ne, wuta ce a gindinsa.

Nan kuma dole in faɗi gaskiya ko da a kaina ne, mu ma muna cikin masu hana su barci. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, mu da yawa mun ba da kafin alƙalami an buga mana kaya da sunanmu da tambarinmu a jiki, lokacin biyan ciko ya zo lissafi ya ƙi fita. Kaya na zube a sito, ba za su sayu a wurin wani ba tunda sunanka ke jiki. Ni kaina sai da na yi wata huɗu ina wa matar nan kwana-kwana, in ga kiranta in kife wayar, har yau in na tuna kunya nake ji. Daga baya ne ta gaya mun a watannin nan gwal ɗinta na aure ta kai jingina ta biya ma'aikata.

Sai gasa. Wanda bai taɓa shiga kasuwar Futian ta Yiwu ba ba zai gane ba, shaguna wajen 75,000 ne a jere, bene kan bene, layin masu filas kaɗai sai ƙafarka ta yi ciwo. Ka fito da sabon samfur yau, kafin wata ya ƙare makwabcinka ya buga irinsa ya rage farashi, kai ma ka rage, shi ma ya rage, har a kai inda ribar kofi ɗaya mao ɗaya ce ko biyu, mao kuwa kashi ɗaya cikin goma na yuwan ne. Suna da kalma ma ta wannan, neijuan, kowa na ƙara gudu amma ba wanda ke gaba, kaman a filin kallo na gaba ya miƙe tsaye dole na baya ma ya miƙe, ƙarshe kowa na tsaye kuma ba wanda ya fi ganin komai. Mu kuma mu zo da kalkuleta muna danna musu rabin farashi muna cewa last price, muna ganin mun iya ciniki. Ga kasuwannin intanet irin su Pinduoduo da Temu da suka ƙara matse farashin, ga Amurka da ta fara lafta musu haraji tun 2018, a Afrilun 2025 har ya kai kashi 145 cikin ɗari kafin a sassauta, masu buga kayan Kirsimeti da kayan wasan yara suka ga odar shekara ta tsaya cak cikin sati ɗaya.

An sha jin maganar 996, wato aiki daga tara na safe zuwa tara na dare kwana shida a sati, wanda Jack Ma, attajirin nan da ya kafa kamfanin Alibaba, ya taɓa cewa a 2019 wai albarka ce ga matasa, kotun ƙoli kuma ta ce a 2021 ya saɓa doka. To wannan na ma'aikaci ne. Mai abu ba shi da tashi. Matar nan tana shago daga safe zuwa biyar na yamma, a nan take cin abincinta a roba, a nan take ɗan kifa kai kan tebur bayan azahar, in an rufe kasuwa ta wuce sito a ƙirga katan, dare ya yi kwastomomin Larabawa suna nan suna turo saƙo, su kwanta mu 'yan Afirka mu taso, mu kwanta 'yan Brazil da Mexico su ɗauka. Suna alfahari da abin da suke kira chi ku, cin ɗaci, wato jure wahala, iyaye da shi suke tarbiyya kaman yadda mu ake mana da haƙuri. Sai dai haƙurinmu yana da Juma'a, yana da salla biyar da dole ka saki kalkuleta ka je ka sa goshi a ƙasa ko na minti goma ne. Ban san darajar wannan ta fuskar lafiya ba sai da na ga mutanen da ba abin da ke katse musu rana.

Mijinta shi ke riƙe da faktorin a Yongkang, garin ƙarfe da filas, ba nisa da Yiwu. Ranar da ya kai ni cin abinci a gidan abincin musulmi ya ce mun, ta bakin tafinta, ya fi son baƙi musulmi a kan kowa, na zaci daɗin baki ne irin na ciniki, ashe da gaske yake, wai daren da yake tare da mu ne kaɗai ba sai ya sha giya ba. Su harka ba ta ƙulluwa a ofis, a teburin abinci take ƙulluwa, guanxi suke ce mata, sanayya da alfarma, wa ka sani wa ya san ka, kuma man da ke juya ta wata farar giya ce baijiu mai ƙarfin tsiya, shahararriyar cikinsu Moutai kashi 53 cikin ɗarinta zallar barasa ce. In babba ya ɗaga kofi ya ce ganbei dole ka shanye tas, ƙin sha raini ne. Sati guda zai yi irin wannan zaman sau uku sau huɗu, da mai ba da kwangila, da mutumin banki, da mai kawo ƙarfe. Mutumin bai kai hamsin ba amma da ƙunshin magani yake yawo a mota, na olsa da na hawan jini da na hanta.

Ɗaya abin kuma, rashin sanin gobe, wannan daga sama yake saukowa. Kar a manta sana'ar kai a Chana ba ta daɗe da halatta ba, sai bayan 1978 da jagoran ƙasar na lokacin Deng Xiaoping ya buɗe ƙofa. Akwai wani tsoho Nian Guangjiu a garin Wuhu, soyayyen iri yake sayarwa irin wanda suke ɓarewa suna ci kaman yadda muke cin gyaɗa, sau uku ana ɗaure shi a rayuwarsa, a farkon shekarun 1980 ya ɗauki ma'aikata sama da ɗari a lokacin da ake ganin wanda ya wuce bakwai ya zama ɗan jari-hujja mai shan jinin talaka, sai da Deng da kansa ya ce a ƙyale shi, kuma ambatonsa da Deng ya sake yi a 1992 ne ya fito da shi daga ɗaurin ƙarshe. Ya rasu a 2023. Kenan iyayen waɗannan da muke sari a wurinsu sun ga zamanin da ciniki laifi ne da idonsu. Har barin aikin gwamnati a shiga kasuwa xia hai suke ce masa, faɗawa teku.

Yau su da kansu jami'ai suna faɗin lissafin nan na 56789: 'yan kasuwa masu zaman kansu ne ke kawo sama da kashi 50 na haraji, 60 na arzikin ƙasa, 70 na sabbin ƙirƙire-ƙirƙire, 80 na ayyukan yi a birane, 90 na yawan kamfanoni. Duk da haka kowa ya ga abin da ya samu Jack Ma. A Oktoban 2020 ya tsaya a Shanghai ya soki masu sa ido kan harkar kuɗi ya ce bankunan ƙasar tunanin masu karɓar jingina gare su, kwana goma bayan nan aka dakatar da sayar da hannun jarin kamfaninsa Ant na sama da dala biliyan 34 ana saura kwana biyu a buɗe, shi kuma ya yi ɓatan dabo na watanni, a Afrilun 2021 aka ci Alibaba tarar yuwan biliyan 18.2. A Yulin shekarar takarda ɗaya ta fito ta hana cin riba da lesin ɗin yara 'yan makaranta, sana'a guda ta mutu a tsaye, kamfanin New Oriental kaɗai ya sallami ma'aikata 60,000. Ga korona, ƙofar ƙasa a rufe mana tun Maris 2020 har farkon 2023, Shanghai a kulle wata biyu cur a 2022, haya na tafiya albashi na tafiya. Mai shagon filas ba wanda zai kira shi Beijing, amma in ya ga gemun Jack Ma ya kama da wuta ai ba sai an ce masa ya nemi ruwa ba. Gwamnati ta dawo tana lallashi, a Fabrairun 2025 shugaba Xi Jinping ya zauna da manyan 'yan kasuwa har da Jack Ma a ciki, a watan Mayu kuma dokar kare kasuwanci mai zaman kansa ta fara aiki. Da na taɓo wa mijin maganar murmushi kawai ya yi ya ƙara mun shayi. Siyasa ba a hirarta da baƙo.

Kar in yi musu ƙarya kuma, akwai ciwon kan da mu muke kwana da shi su ba su san shi ba. Ba janareta, ba lissafin dizal, kaya su tashi daga faktori su isa tashar ruwan Ningbo ba shinge ashirin a hanya, mace ta rufe shago ta taka a ƙafa da dare ba fargaba, kuɗi ta waya cikin ƙiftawar ido. Ranar da na ba su labarin abin da nake kashewa a mai duk wata sun zaci tafinta ne ya yi kuskuren lamba. Kuma akwai wani jin daɗi da ba ya ɓuya a fuskarsu in suna nuna maka hoton ƙauyen da suka fito, kakanninsu masu yawo da kwando suna musayar alewa da gashin kaza, wanda da shi Yiwu ta fara, yau ga su suna loda kwantena zuwa ƙasashen da ba su iya kiran sunansu ba. Mata da miji suna harka ɗaya, 'yan gari ɗaya suna da ƙungiyarsu duk inda suka je, wannan yana riƙe su ba kaɗan ba.

'Yarsu ɗaya ce tal, an haife ta lokacin dokar ɗa ɗaya da aka yi daga 1980 zuwa ƙarshen 2015. Na santa tana ƙarama tana aikin gida na makaranta a kan katan a lungun shago. Duk wannan rashin barcin dominta ake yi, lesin, jarabawar shiga jami'a ta gaokao da yara wajen miliyan 13 suke zaunawa a shekara, jami'a. Yanzu ta gama, kuma ta ce ita ba za ta gaji faktori ba, ta ga abin da ya yi wa babanta. Jarabawar shiga aikin gwamnati take shiryawa, wadda sama da mutum miliyan 3 suke nema duk shekara, aikin da suke kira kwanon shinkafa na ƙarfe don ba ya fashewa. Iyaye sun faɗa teku, 'ya tana neman tudu. Uwar da take gaya mun ta ce baban ya yi fushi na kwana biyu, ita kuwa a ranta daɗi ta ji, sai dai ba ta san wa za su bar wa injinan ba, mu da muke da yara takwas tara a gida kowa na jiran a buɗe masa shago ban ma san me zan ce mata ba.

Murfin dai na zaɓi ruwan gwal. Ta ce za a yi amma sai na ƙara mao biyu a kowane ɗaya saboda fentin daban ne, na ce ɗaya, ta ce aboki ka kashe ni, na ce madam je ki kwanta da safe ma ƙarasa. Da na tashi sallar asuba na duba wayar, ta riga ta turo sabon lissafi, mao ɗaya da rabi, da hoton katan ɗina an jera a bakin sito.